Rabin Maganar da Baba Bai Faɗa Ba

Shekaranjiya na bi ta layin dukawa a kasuwar Tambuwal, ina neman wanda zai ɗinke mini takalmi, sai warin fatar da aka jeme da bagaruwa ya tare ni. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai babur ya yi mini tsawa. Warin warkin wana ne sak, wanda yake ɗaurawa idan zai shiga fagen kokawa. Ku yi haƙuri da ni, da girma na kama alƙalami a ajin yaƙi da jahilci, hannuna ba shi da sauri. A hankali zan ba ku labarin.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tambuwal da Kebbe, nesa da hanyar mota. Zamanin Nasara ne, yaƙinsu bai daɗe da ƙarewa ba, gishiri ya fara dawowa kasuwa. Mu huɗu ne a gidan: Baba, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da wana da nake kira Yaya, sai ni. Uwarmu ta rasu tun ban san fuskarta ba, waɗanda ke tsakanina da Yaya kuwa duk ba su yi rai ba. Gida ne mai shiru. Idan Inna ta ajiye taɓarya, kana iya jin tuƙar akuya daga ƙofar zaure.

Yaya ɗan fari ne, kun kuwa san yadda mutanen da suke da kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya duban fuskarsa. Ko da suna zaune inuwa ɗaya, ni zai kira ya ce, "Ke, hwaɗa ma wancan yaro a kai jaki rahi." Yaya yana ji, amma sai ya jira na juyo na maimaita, sannan ya tashi. A lokacin wasa na ɗauki abin.

Baba ya yi kokawa da ƙuruciya har gwiwa ta hana shi. Abin da ya rage masa ido ne. Duk kaka, idan an gama yankan gero, samarinmu sukan tafi Kebbe su kara da na can, kuma ba a fitar da yaro sai Baba ya duba shi. Dubansa ba a fage yake farawa ba. Tun damina yake binsu. Ranar gayya zai zauna a gindin kalgo yana kallon wanda ya fara miƙe baya daga kunyar da yake nomewa, da wanda yake huci kafin rana ta take. A bakin rijiya yana kallon yadda yaro yake kafa ƙafa idan yana jan guga. Idan ana ɗaukar dami yana kallon ƙugu. Nakan kai masa fura in zauna gefensa, in ji yana magana shi kaɗai.

"Hannu ƙarya shikai," in ji shi. "Ƙahwa da ƙugu su ka hwaɗin gaskiya."

Ranar zaɓe, bayan la'asar ake taruwa a kan yashin rafi. Samari su kama juna, ƙura ta tashi, makaɗi yana zuga su. In an gama sai su jeru, Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sarkin samari yana tsaye yana saurare. Kowane yaro abu biyu yake samu: abin da Allah ya ba shi, da abin da ya rage masa. Mutane suna cewa Baba maɗaci yake ba ka, ya bi ka da zuma. Samari suna tsoron maɗacin, amma don zumar suke zuwa. Na san wanda ya tsufa yana maimaita wa jikokinsa abin da Baba ya ce da shi.

Shekarar da nake ba ku labari, Yaya ya isa shiga. Gero ya yi kyau, ƙanshin kara da harawa ya cika gari. Ina laɓe bayan Inna cikin mata, na ga Yaya ya kayar da duk wanda aka haɗa shi da shi. Na ƙarshen ma ɗaga shi ya yi, ya ajiye shi a yashi kamar kada ya ji ciwo.

Baba ya fara da ɗan maƙeri. Ya ce numfashinsa gajere ne, idan kamu ya daɗe sai ya saki baki kamar kifi, amma wanda ya shiga hannunsa ya shiga awartaki. Ya zo kan wani dogo, ɗan maƙwabcinmu, ya ce ido ɗaya yana kan abokin karawa, ɗayan yana cikin 'yan mata. Aka fashe da dariya, makaɗi ya buga ganga ya ce, "Allah shi ƙara, dogon banza!" Baba ya ɗaga hannu, ya ce duk da haka ba a taɓa taɗe yaron nan sau biyu da ƙafa ɗaya ba, kansa yana riƙe abu. Akwai wani gajere da ake kira turmi, shi kuma aka ce ba ya iya kai hari, amma mai son kayar da shi sai ya zo da guzuri.

Sai layi ya zo kan Yaya. Yana tsaye, yashi manne a ƙirjinsa, yana duban ƙasa. Baba ma ƙasa yake duba.

"Wanga kau, gaggawa gare shi," in ji Baba. "Ranar da yag gamu da mai haƙuri, shi ka kada kainai."

Nan ya tsaya. Kowa yana jiran sauran.

Makaɗi, da yake abokin wasan Baba ne, ya ce, "To, tsoho, ina zumar? Ko ƙuda sun shanye?"

Baba bai ko murmusa ba. Ya taka gaba, ya dafa kafaɗar yaron da ke biye.

Manya duk sun gane. Ina mutum zai tsaya cikin taro ya yabi ɗan farinsa? Da ya yi, da an daɗe ana ba da labarin rashin kunyarsa. Sarkin samari ma bai tsaya wata-wata ba, ya ce Yaya ne na gaba a tafiyar Kebbe. Amma da muke komawa gida, Yaya ya ɗora ni a wuya kamar yadda ya saba, sai na ji bai yi mini waƙar da yake yi ba.

Sun tafi Kebbe, sun dawo. Tun daga bayan gari muka ji ganga, makaɗi yana yi wa Yaya kirari, mata suna guɗa. Aka ce ya gamu da wani mai haƙurin gaske, ya jure masa, ya kayar da shi. Na ruga zaure in gaya wa Baba, na tarar da buzunsa babu kowa. Ashe da ya ji gangar ta doso ƙofarmu, ya bi ta bayan gida ya tafi gona, gonar da babu komai a cikinta sai kututturen kara. Sai magariba ya dawo. Yaya yana zaune a tsakar gida, bai ko cire warkin ba. Baba ya wuce shi, ya kira ni.

"Ke, tambayi wancan yaro, an ba jaki ruwa?"

Ran nan ban maimaita ba. Yaya ya tashi da kansa.

Da sanyi ya shigo, 'yan cin rani suka fara ɗaure kaya za su Kurmi. Yaya ya ce zai bi su. Ba abin mamaki ba ne, samari da yawa suna tafiya su dawo da ruwan fari. Amma Inna ta ga abin da ta gani. Ina tankaɗe na ji ta tare Baba a bakin rumbu.

"Ka ce mai wani abu kahin shi tahi. Kalma guda."

"Inna, da wane baki? Ke mi kinka taɓa ce min?"

Shi ma ɗan farinta ne. Ta juya ta ci gaba da tsince gero.

Da hantsi suka tashi. Yaya ya durƙusa nesa da Baba, Baba ya ce Allah ya kiyaye hanya, yana duban igiyar da yake tufka. Na raka su har tsamiyar bayan gari.

Ruwan fari ya sauka, abokan tafiyarsa suka dawo, ban da shi. Suka ce ya wuce gaba da masu goro. Daga nan gidan ya koma mu uku, aikina na kai saƙo kuma ya ƙare. Baba bai daina duba samari ba, sai dai ya rage ba'a. Wata rana da bazara, zafi ya hana kowa motsi, ina zaune gefensa yana gyaran ƙota, sai ya yi magana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce tun da yake kallon 'yan kokawa bai ga ƙugu irin na wancan yaro ba. Ya ce ƙafarsa kamar an shuka ta, kuma ba shi da mugunta, ba ya kayar da mutum don ya wulakanta shi. Gaggawar ma, in ji shi, shekara biyu za ta warkar da ita. Ya faɗa tsaf, kamar ya daɗe da shirya maganar. Na riƙe ta kalma bayan kalma, ina cewa idan Yaya ya dawo zan juyo in maimaita masa.

Bayan an kai ni ɗaki, na zo ganin gida, wani falke ya sauka a zaurenmu. Ya ce ya ga Yaya a wani zango can ƙasar Gwanja, yana dako, ya yi aure. Da ya fara ba da labarin, Baba ya tashi ya fita kamar zai duba akuya. Inna ce ta yi tambayoyin. Bayan baƙon ya tafi, Baba ya same ni a madafa, ya daɗe tsaye, sannan ya ce, "Mi baƙon ga yac ce?" Na faɗa masa. Ya ce in sake. Wannan ne labarin ƙarshe da muka samu.

Yanzu yaran garin nan ƙwallo suke bugawa, wani mai usur yana zuwa daga Sakkwato ya zaɓi na zaɓa. Iyaye maza suna tsayawa a bakin fili suna kiran sunan 'ya'yansu da ƙarfi, har da na fari. Tsarata idan mun haɗu wurin suna sai su yi ta cewa kunya ta ƙare a duniya. Ni dai ba na taya su.

Amma kada ku ɗauka na fi Baba. Nawa ɗan farin ya yi furfura, yana jan mota a hanyar Sakkwato. Makon jiya ya zo ya hau ɗakina da kansa ya gyara inda yake yoyo, ya wuni cikin rana bai kira kowa ba. Yana saukowa na shirya abin da zan ce da shi, maganar ta zo har bakina. Abin da ya fito shi ne, "Ga ruwa can a randa."

Ya sha, ya ce, "Inna, sai na sake zagayowa."

Na tsaya a ƙofar gida har na daina jin ƙarar motarsa.