Wanda Ya Tafi Ƙona Tokar Nukiliya

A unguwar Kalakla ta Khartoum na girma, a gidan da kakanninsa suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, tafiya ta tsaya musu a bakin Nilu. Ni ce ta uku a mata, kuma ni ce ba a iya raba ni da littattafan soyayya da ake sayarwa a bakin tasha. A cikinsu saurayi yakan gane zuciyar budurwa daga yadda ta sunkuyar da kai kawai. Na ɗauka haka duniya take.

Wanda ya shiga raina ɗan ƙawar Innata ne, daga unguwar Alsahafa. Bahaushe ne ta uwa da uba, amma makaranta ta cinye shi tun yana ƙarami, Hausarsa sai ta yi taku biyu ta faɗa Larabci. Kimiyya ya karanta a jami'a. Yakan kawo mahaifiyarsa gidanmu ranar Juma'a, ya zauna a gefen tsakar gida kamar wanda aka aiko. Ni kuwa ina soya gahawa, ina satar kallon hannayensa.

Wata Juma'a bayan la'asar ya zo da kawunsa. Ya samu gurbin ƙaro karatu a Turai, yana so a yi maganar aurenmu kafin ya tafi. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, aka kira ni in zuba gahawa.

"To, ustaz," in ji Baba, "me za ka je ka koyo wanda babu shi a Khartoum duk faɗinta?"

Saurayin ya jawo murhun gawayin da ke gabana, ya nuna tokar.

"Baba, inda ake yin lantarki da nukiliya, akwai toka irin wannan da ke saura. Sai dai ita gubarta ba ta mutuwa sai bayan dubban shekaru. Binne ta ake yi, ana tsoro. To akwai sabon irin murhu da ake nazari, a mayar da mafi munin tokar ciki, a sake ƙona ta har ta farfashe ta koma wani abu. Shi ma da guba, amma tasa ta ɗaruruwan shekaru ce."

"Ɗaruruwa," Baba ya maimaita. "Wato kai ba za ka ga ƙarshenta ba."

"Ko jikokina, Baba."

Goggona da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa ta ce, "Mu nan wutar ma sai ta ga dama take zuwa, kai kana ta tokarta." Aka yi dariya, har da shi.

Na zaci Baba zai raina aikin. Sai na ga ya gyara zama. Ya ce kakansa ma ya kama hanyar da ya san da wuya ya kai, kuma ba wanda ya kira shi mahaukaci. Ya ce shi ya yarda, amma yarinya ga ta nan.

A gidanmu ba a tambayar budurwa irin wannan a gaban maza. Goggo ce take shiga ɗaki ta ji ta bakinta. Shi bai san wannan ba, ya ɗauka umarni aka ba shi. Ya juyo ya dube ni ido cikin ido, a gaban Baba da kawunsa, ya ce, "Karatun zai yi tsawo. Za ki jira ni?"

Na yi abin da kowace 'yar gidanmu za ta yi in tana so: na ja mayafi na rufe fuska, na ajiye butar, na ruga ɗaki. Ina jin Goggo tana ƙunshe dariya. A ɗakin na rungume matashi, har na fara zaɓen launin labulen gidanmu.

Kowa a tsakar gidan ya san amsar sai shi. Kawun nasa kuma ya ɗauka yaron ya gane, bai ce masa komai ba. Mu muna jiran su turo manya, domin gidan mace ba ya bin sawu. Su ma shiru. Watanni suka shige, muka ji ya tafi. Inna ta ji zafi, ta daina zuwa Alsahafa, zumuncin ya yanke.

Na jira duk da haka, har aka fara magana a unguwa. Daga baya na yi aure a unguwar Dar Salam ta Omdurman, wajen mutumin kirki da ban taɓa samunsa da laifi ba.

Shekara guda kafin yaƙi ya watsa mu, na haɗu da yayar saurayin nan na Alsahafa a kasuwar Omdurman, wajen masu turare. Muka gaisa, ta tambayi yarana. Ta ce yana can, har furfura ta fara masa, yana nan kan tokarsa. Sannan ta rage murya.

"Ke kuwa, 'yar uwa, me ya yi miki kika guje shi haka a gaban mutane? Sati ya yi ba ya cin abinci. Ya hana Innarmu ta ko tambaya, wai kada a takura ki."

Na tsaya riƙe da ƙullin turare. Ƙaramar 'yata tana jan gefen mayafina, wai ƙishirwa take ji. Na ce wa yayar tasa ta gaishe shi, na kama hannun yarinyar muka nufi wajen mai ruwa.