Abincin Iliya da na ci

Ku matasa, an sha wuya, ba wani daɗin baki da zan sa wa maganar. Haƙorana na gaba sun tafi, ƙafar hagu har yau ba ta son sanyi. Amma duk wanda ya ce an zalunce ni bai san abin da na aikata ba.

Ni haihuwar Sabon Garin Ƙaura ne. Ubana dako ya yi a tashar jirgi har bayansa ya lanƙwashe. Shi Kirista ne na gaske, ni ko na gaji coci kamar yadda ake gadon tsohuwar riga. Karatu ban wuce firamare ba. Kabu-kabu nake yi, Ƙaura zuwa Zurmi, wani bi Shinkafi in hanya ta yi lafiya. Da ƙanana na fara. A ba ni saƙon gero, in rage tiya, in ce buhu ya yoye. Da ba a kama ni ba, sai na ɗauka wayo ne gare ni.

A cocinmu ran Laraba ana taron addu'a. Mai damuwa ya tashi ya faɗi damuwarsa a fili, jama'a su kai ta gaban Allah. Mutane na rufe ido, ni ina buɗe kunne.

Wata Laraba Mama Saratu ta tashi. Gwauruwa ce mai toya hoce a bakin kasuwa, ɗanta guda ne, Iliya. Mutanen daji sunka tare motarsu wajen Gurbin Ɓore sunka tafi da shi, kuma ba wanda ya kira ta kan kuɗin fansa. Ta ce ita ko labari take roƙo.

Na ba ta labarin. Na same ta gida na ce, "Mama, na ɗauki wani mutum a babur, ya ga Iliya. Yana raye, yunwa ce kawai. Akwai hanyar aika mashi abu."

Tsohuwar nan ta durƙusa ta riƙe ƙafafuna. Ban ɗaga ta ba.

Daga nan duk mako sai ta haɗa ƙunshi: hoce, ƙuli-ƙuli, sabulu, magani, har rigar sanyi. Na ci in ci, na sayarwa in sayar. Awakinta sunka ƙare a kaina. In dawo mata da saƙo, in ce Iliya ya gode, ya ce ki daina kuka.

Ana nan wani mutumin Dauran ya kuɓuto daga daji, ya nemo gidan. Ya ce Iliya zazzaɓi ya kashe shi tun farkon damina, da hannunsa ya tura mashi ƙasa. Fasto da dattawa sunka zo a shirya zaman makoki. Ta fito masu da muciya.

"Makokin wa? Shekaranjiya ya ci hocena! Ga wanda ya kai mashi nan."

Duka sunka juyo suna dubana. Na gyaɗa kai.

Ba ita ta kama ni ba. Wani ɗan kasuwar Shinkafi na yi wa irin wannan, ya iske bargon da ya aika wa ƙanensa rataye a rumfar gwanjo. A nan anka yi mani dukan da haƙoran sunka zube, kafin alƙali ya aika ni gidan yari.

Ɗakin ba wurin miƙe ƙafa. Kuɗin cizo, ƙazwa, bokitin bayan gida a kusurwa, kuma sabon shiga shi ke kwana kusa da shi. Gabzar da ake ba mu mu ci, ko kare sai ya yi shawara. Daga coci ba wanda ya leƙo ni, sai mutum guda. Mama Saratu, da kwanonta a kai.

"Sharri anka yi maka, ɗana. To yanzu wa zai kai mashi?"

Yara, ku ji abin da na ce. Na ce akwai gandiroba da ya san hanyar, ta riƙa kawowa nan. Ta ko riƙa kawowa.

A ɗakinmu akwai wani tsoho, Baba Maigero, Musulmi ne daga Ɗan Isa, rigimar iyakar gona ta kawo shi. Rannan na miƙa mashi hoce, ina dariya ina ba shi labarin yadda nake samu. Ya ture hannuna.

"Kai wane, ba hoce kake ci ba, gawar ɗanta kake gatsa. Kai ne ka ce kana bin Annabi Isa? Tir."

Na zage shi, na cinye abina. Amma daga ranar lomar ta daina wucewa da daɗi. Sai gudawa ta kayar da ni, na koma ƙashi da fata, ina kwance gefen bokiti ana tsallake ni. Na so in yi addu'a, duk wadda ubana ya koya mani ta tsere. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, ka san ni." Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Na dai gane ba zan roƙi jinƙai da abincin matar nan a cikina ba.

Da ta dawo na faɗa mata. Na ce ban taɓa jin labarin Iliya ba, mutumin Dauran shi ke da gaskiya.

Ta dubi kwanonta. Can ta ce, "Rigar sanyin fa?"

"Na sayar."

"Da ya ce in daina kuka fa?"

"Ni na ƙaga."

Ba ta zage ni ba. Ta ɗaure kwanonta ta aza a kai ta fita, ba ta ƙara zuwa ba. Sauran zamana gabza ce tsura. Cikin yunwar nan na koyi addu'a, don da ina da dabara ban taɓa buƙatar Allah ba. Na fara kwashe bokiti ba a sa ni ba, na riƙa wanke wa Baba Maigero ciwon ƙafarsa. Ya ce kada in ɗauka na zama waliyyi.

Ku matasa, ban iya wa'azi ba. Tiyar gero ta kai ni nan. Wanda ya buɗe maku cikinsa a gaban Allah, amana ce, kada ku mai da hawayensa jari. Yesu na yafewa, na gaskata, amma ba ya maido abin da ka cinye, kuma ba ya ɗauke maka kunyar idon mutane.

Da anka sako ni, Larabar farko na shiga coci. Benci ya watse a gefena. Na tashi na faɗi komai, ba wanda ya ce amin. Ashe har lokacin ba a yi makokin ba, Mama Saratu ta kasa neman dattawan da ta kora. Ta miƙe da sanda, duk ta rame.

"Ban yafe ba. Ina roƙon Allah ya ba ni iko, bai ba ni ba tukuna. Fasto, gobe a zauna makokin ɗana. Kai kuma, da bakinka ka rayar da shi, da bakinka za ka bi gida-gida ka faɗi rasuwar."

Da gari ya waye na fara da gidan da ke bakin layi. Na yi sallama, maigidan ya fito, na ce Iliya ɗan Saratu ya rasu, an daɗe, ni na ɓoye. Ya tofar da yawu ya rufe ƙofa. Na wuce gida na gaba.