Hoton Da Ya Ƙaru Cikin Shanun Baffa

Matso kusa ɗan'uwa, ka ji wani abu da na gani da idona, wallahi ba ƙari a ciki.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero na tsakar bunni, ni ke tsare wa ƙanena shagon kwamfuta a Isa. Ban yi boko mai nisa ba, amma ya koya mini layi guda da nake rubutawa a wani baƙin allo cikin kwamfutar, in danna, sai hotuna duka su rage girma da nauyi a tare, don su iya tafiya ta waya ko sabis ba ƙarfi.

Ranar kasuwa da hantsi wani Bafulatani, Bello, daga wajen Kamarawa, ya kawo mini memorin wayar mahaifinsa. Fari ya cinye shanunsu kaf, tsohon bai daɗe ba ya bi su. Ya ce ƙanwarsa Hauwa tana aure can cikin Nijar, ba ta samu jana'iza ba, kullum kuka take a tura mata fuskar Baffa, mahaifin nasu.

Na ce, “To ina hoton nasa?”

Ya ce, “Babu, malam. Bai taɓa yarda a ɗauke shi ba. Shanun za ni tura mata, ko ta rage zafi.”

Muka duba tare, shanu ne zalla. Na rubuta layin na danna, sunayen hotuna suka shiga gangarowa. Ni kunnena ba ya yi mini ƙarya: sai na ji muryar tsoho ƙasa-ƙasa yana kiran shanu da sunayensu, “Wode, Bale,” alhali lasifikarmu ta daɗe da mutuwa. Bello ya damƙe mini hannu, ya ce, “Kiran Baffa ne!”

Inna lillahi! Da aikin ya ƙare, sai ga hoto guda ya ƙaru. Dattijo ne tsaye da sanda a kafaɗa, shanu ƙosassu kewaye da shi, ga ciyawa shar, irin wadda rabonmu da gani an daɗe.

Na tura. Hauwa ta bugo tana kuka, ta ce ta gan shi, har murmushi yake. Muka juyo mu ƙara kallo, babu shi, ko a kwamfuta ko a memori. Bello ya zauna ƙasa ya rufe fuska. Shi da ya kawo, kallo ɗaya ya samu.

Ka ɗauki iyayenka hoto tun suna raye, ka yawaita yi musu addu'a. Amma don Allah faɗa mini, wa ya ɗauki wannan, kuma a wace makiyaya?