Kyauron da na zaɓa wa maigidana

Shekarun baya, lokacin da bayan Orozo yake daji na gaske, tun gidajen bulo ba su cinye mana gonaki ba, maigidana, Allah Ya jiƙansa, shi ne sarkin bakan yankinmu. Maharba suna da wata al'ada a nan. Duk shekara in an kwashe amfanin gona, sai a rataye faifai a jikin wata ɗorawa da ke tsallaken rafi, sarkin baka ya tsaya a wannan gaɓar ya harba. Kibiya uku ake ba shi. In ya samu, sarauta tana nan. In duk suka kuskure, a gaban jama'a za a sauke kwarin sarauta daga kafaɗarsa a rataya wa wani.

A shekarar da nake ba ku labari, tsufa ya riga ya kama masa kafaɗa. Ya fita gwaji da sassafe, na bi shi da sunan ɗiban ruwa. Kibiya ta farko a ruwa ta faɗa. Ta biyu ta tsallake da ƙyar, tana kaɗa wutsiya kamar tarwaɗa. Abokinsa, wani tsohon makiyayi da ke shayar da shanu a wurin, ya ce, "Sarki, yau kifi muke farauta?" Maigida ya yi dariya, amma da muka koma gida ko fura bai sha ba.

Na ce, "Maigida, kibiyoyin nan sun yi maka nauyi."

Ya ce, "Da su na kashe gyado kina goyon ɗanki na fari."

Na ce, "Gyadon a kusa yake. Faifai kuwa ba ya matsowa."

Kuskurensa ke nan, kuma na duk maharbi ne. Kibiyarsu ta sanɗa ce, mai ƙaton kai da kunnuwa, kowace da irin naman da aka yi ta dominsa, babu biyu masu nauyi ɗaya. Da ƙarfin ƙuruciya yake tura su tsallaken rafi, ƙarfin kuwa ya tafi.

To, a wurin maharba mace ba ta taɓa baka, ba ta taɓa kibiya. Ni ma ban taɓa ba har ya koma ga Allah. Amma kyauro ai ciyawa ce, har sai an sa mata ƙarfe. Ni kuma da mazari na tashi a hannuna, tun ina yarinya nake kaɗi. Abin da zai juya daidai da wanda zai yi rawa, yatsana ya sani.

Na shiga yankan kyauro. Na bakin ruwa na bar shi, ya cika laushi. Na tudu na bi, wanda ya sha rana, ga sauƙi ga tauri. Har zamewa na yi na zauna cikin taɓo, babbar mace da ni, matan da ke wanki suna tambaya ko asabari zan saƙa. Kowane sai na ɗora shi a kan yatsa, na mirgina shi a tafin hannu, na ɗan lanƙwasa in ji yadda yake dawowa. Mai ɗan karkata in gasa shi a kan garwashi in miƙe shi. Cikin dami guda, 'yan kaɗan ne suka zo kai ɗaya kamar 'yan uwa. Na ajiye masa a bakin ɗaki.

Ya daɗe yana kallonsu. Washegari ya tafi wurin maƙeri aka buga masa ƙananan kawuna marasa kunne. Sannan ya yi abin da ya fi yi masa ciwo: ya ɗauki wuƙa ya shiga kankare bakan mahaifinsa, kaɗan daga sama, kaɗan daga ƙasa, don ya iya jansa har kunne. Ya sake murɗa tsirkiya, ya shafe ta da man kaɗe. Kullum ya harba, ni kuma ina tsallake bayan wani dutse ina kira, "Ta gaza!" ko "Ɗaga hannu!"

Ya ce, "Ni ban taɓa harbin sama ba."

Na ce, "Yau ka fara. Ita ta san hanyar saukowa."

Ranar ta zo, gari ya taru. Ta farko ta wuce ta saman faifai. Wani matashi cikin masu jiran gado ya ce, "Baba, a huta haka nan mana." Maigida bai ko dube shi ba. Ya sauke hannu kaɗan ya saki ta biyu. Daga inda mata ke tsaye na ji ƙarar shigarta, tas. Makiyayin nan ya jefa malafarsa sama, mata suka ɗau guɗa.

Bai harba ta uku ba. Ya jira hayaniya ta kwanta, ya sauke kwarin sarauta da hannunsa, ya rataya wa matashin nan. Ya ce, "Karɓi. Ni na ba ka, ba ƙwacewa aka yi ba."

Sai a lokacin na gane ba sarautar yake wa wahala ba. So yake ya sauka da ƙafarsa. Tun daga ranar, in na ga tsoho ya nace a kan abu, ba na saurin cewa kwaɗayi ne.

Yanzu ɗorawar babu ita, shagon caji ne a wurin. Kibiya ta ukun kuwa, da muka isa gida ya cire mata ƙarfen da kansa, ya miƙo mini kyauron. Ya ce, "Ga kayanki." Yana nan a ƙasan adakata, ko karkacewa bai yi ba.