Yarinyar da Ta Amsa Sunan Ubanta

Ina shekara shida na fara jin sunan Bissun. Mahaifiyata ce ta naɗe gurasar roti da miyar kabewa a tsumma, ta ce in kai wa Bissun a ɗakin da ke bayan bishiyar mangwaro. Na tafi ina neman namiji, sai na tarar da tsohuwa zaune a kan buhu tana tsintar shinkafa. Kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu sauka, wuyanta a karkace kamar mai sauraron wani abu a ƙasa. Yayar kakana ce. Jasoda aka raɗa mata, Bissun kuwa sunan ubansu ne.

Uban nasu yana noman rake a gonar haya, eka goma, a wajen garin Ba, nan Fiji. A lokacin, gidaje goma sha biyu ne suka haɗu suke yanka tare. Kowane gida ya ba da mutum ɗaya, a bi gonaki ɗaya bayan ɗaya daga watan Yuni har Disamba. Gidan da bai ba da hannu ba, ba a shiga gonarsa. Raken da ba a yanka ba jirgin ƙasa ba ya kai shi injin kamfanin sukari, kuma gonar da ta shekara ba ta kai rake ba, an san ƙwace ta za a yi.

A 1961, saura mako biyu a fara yanka, taragon rake ya bi ta kan ƙafar Bissun. Matarsa na goyo. Ɗansa namiji, Parbhu, wato kakana, shekararsa bakwai. Jasoda tana da tara, tana aji uku a makarantar da ke bakin titi.

Ram Autar, sardar ɗin ƙungiyar, wato shugabanta, wanda ke riƙe da littafin sunaye, ya zo dubiya. Ya sha shayi, ya duba ƙafar, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ɗan'uwa, ni ba na iya kiran gado ya amsa. Hannu nake so."

"Parbhu ko tsawon adda bai kai ba," in ji Bissun.

Uwar ce ta yi magana daga bakin murhu. "Ga Jasoda. Ba mai kawo muku ruwa kuke nema ba? Ai ruwa ne kawai, ko a gida ita ke ɗebowa."

Sardar ya ce jami'in kamfani ba ya yarda a rubuta yara. Sai ya juya ga Bissun ya ce, "Sunanka ya yi zamansa a littafi. In na kira, ta amsa."

Bissun ya dubi 'yarsa da ke tsaye a bakin ƙofa. "Wata shida ne. Ana gama yanka ki koma makarantarki."

Aikin garwa biyu ne a rataye jikin sanda, daga rafi zuwa duk inda ake yanka ranar. Maza goma sha ɗaya a rana tsaka ba su barin ruwa ya huta. Takan yi sahu goma sha biyar kafin la'asar, kuma a kafaɗar dama kaɗai ta iya ɗauka, don in ta sauya, garwar na dukan dugaduganta. Ganyen rake ya tsattsaga mata hannuwa. Ranar da aka ƙone gona kafin yanka, takan dawo gida baƙi ƙirin, sai idanu.

Kullum da safe sardar zai buɗe littafi ya kira, "Bissun," ita kuma ta ce, "Ga ni." Mazan suka samu abin wasa.

"Bissun, ina ka baro gashin bakinka?"

"Bissun, matarka ta san ka rage tsawo haka?"

"Ku bar shi, tun da tarago ya taka shi ya fi kyau."

Ita ma dariya take yi. Ba su da mugunta, har wani kan ba ta rabin rotinsa. Ranar da babur ɗin jami'in kamfani ya taso, sai a tura ta cikin rake ta duƙa, sardar ya ce Bissun ya zagaya.

An yanke gonarsu a watan Oktoba. A Fabrairu ta wanke rigar makaranta ta koma. Amma jarrabawar ƙarshen shekara a Nuwamba ake yi, lokacin tana rafi, don haka aka bar ta a aji uku. Ba ta damu ba. A makaranta ne kawai ake buɗe littafi a kira Jasoda, kuma tana son yadda malamin ke jan ƙarshen sunan.

Ƙafar uban ba ta warke ba. Yuni ya zo, aka sake cewa wata shida ne. Fabrairu ya zo, ta sake komawa aji uku. A shekara ta uku Parbhu ya iske ta, suka zauna benci ɗaya, ita ta fi kowa tsawo a ajin. Zamanta ya karkace, in ta daɗe tana rubutu hannun dama kan mutu, sai ta sauke shi ta girgiza.

Wata safiya a watan Maris malamin ya kira sunanta, tana kallon taga. Ya sake kira, shiru. Wani yaro da ubansa ke cikin ƙungiyar ya ce, "Malam, ka kira Bissun ka gani." Malamin, don wasa, ya kira.

"Ga ni," in ji ta, ta miƙe tsaye tun bai rufe baki ba.

Ajin ya kwashe da dariya, har malamin. Ta zauna. Ta kai har tashi, ta riƙe hannun Parbhu suka dawo gida. Washegari ta naɗe masa rotinsa, ita ta tafi ciyawar shanu. Babu wanda ya tambaye ta dalili, don Yuni ya kusa.

Tana sha uku aka ba ta adda, garwar ta koma hannun ɗan wani gida. Ta yi yanka shekara bakwai, har bayan mutuwar uban, kuma sunansa bai fita daga littafi ba sai da Parbhu ya girma aka mai da gonar sunansa. Shi ya gama makaranta, ya samu aiki a gidan waya. Ita ta auri wani mai keken shanu a garin Tavua, ba su haihu ba, da ya mutu ta dawo. Ko a Tavua Bissun suke ce mata. Gonar kuwa, wa'adin hayarta ya ƙare a 1999, masu ƙasa suka karɓa, yanzu ciyawa ce har wuya.

Kakana kaɗai ba ya kiran ta da sunan. Didi yake ce mata, wato yaya. Na taɓa jin ya ce, "Didi, da ni aka tura."

"Kai? Ai garwar ce za ta ɗauke ka."

Ba ta taɓa zagin iyayenta a gabana ba. In aka tayar da maganar, cewa take yi an ci abinci a gidan shekara talatin da takwas, sai ta koma kan tsintar shinkafarta.

Da rana takan kunna rediyo ta saurari sanarwar mutuwa, tana gyaɗa kai in ta ji wanda ta sani. Shekarar da na gama sakandare, ina shafa mata man kwakwa a kafaɗa, ta rage murya ta ce, "Ke ce mai rubutu a gidan nan. Ranar da za a kai tawa gidan rediyo, ke za ki rubuta. Kar ki bar wa mazan nan, Bissun za su sa don mutane su gane."

Na ce, "Kaka, ai in ba a sa ba, ba za su san ke ce ba. Ba za a zo ba."

"Wanda bai gane ba ya yi zamansa, an rage mana dafa shayi. Jasoda za ki sa. Kuma ki ce wa mai karantawa ya kira sau biyu, don nakan yi jinkirin amsawa."