Ba Zan Goge Hotunan Inna Tani Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 15 ga watan Oktoba, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran kakata, Inna Tani, a ɗakinta da ke Ruwan Bago, bayan zazzaɓin kwana huɗu. An yi mata sutura bayan azahar. Ta bar 'ya'ya biyar da jikoki masu yawa. Ni Sadiƙa, ina cikin ƙananansu. Kowa ya san ba na iya magana a cikin mutane, shi ya sa na rubuta wannan a littafina na makaranta. Yaya Zaituna za ta kwafa ta sa a guruf ɗin dangi.

Inna, kin tafi ana tsaka da cirar gyaɗa, lokacin da kika fi so a shekara. Har yau idan na shiga tsakar gida ina jin ƙamshin man da kike matsewa. Ba yaron da ya taɓa wucewa ta ƙofarki ranar suyar ƙuli-ƙuli ya tafi hannu wofi. Kina ba shi kina yi masa faɗa wai ya cika kwaɗayi, kina kuma ƙara masa. Lokacin da Mas'uda maƙwabciyarmu ta haihu mahaifiyarta ba ta kusa, ke kika dama mata kunun kanwa har aka yi suna, ke kika riƙa dafa mata ruwan wanka. Da na gama firamare aka ce in dakata shekara guda kafin in ci gaba, na yi ta kuka a bayan rumbu. Ke kika zo kika ja ni ɗakinki, kika ce in zauna a wurinki har lokacin ya yi. Bebiya kike kirana saboda shiruna, ban taɓa jin haushi ba.

Shekara biyu da suka wuce Baffa Abdulmumini, ɗanki na fari da ke Kano, ya aiko miki da babbar waya don ya riƙa jin muryarki. Kika juya ta gaba da baya, kika ce wannan faranti ne ba waya ba, tunda ba ta da wurin dannawa. Kika ba ni ajiyarta. Yaya Zaituna ce ta sa mana manhajar nan ta wasa da hoto, wadda take ɗora wa mutum kunnen zomo ko gemu ko tabarau. Ranar farko da na haska fuskarki kina bakin murhu, kika ga dogayen kunnuwa a kanki, sai da kika kai hannu kika shafa ɗankwalinki.

"Ke Bebiya, wa ya dasa mini wannan?"

Na ce wayar ce. Kika yi dariya har ƙuli ya kusa ƙonewa, kika share hawaye da gefen zani kika ce, "To sa mini na kare in ga ko zai fi dacewa da ni."

Daga ranar kullum bayan la'asar sai mun yi. Kin zama mage, kin zama jaririya, kin sa tabarau irin na 'yan birni. Wata rana na ɗora miki farin gemu da rawani, sai kika daɗe kina kallo. Kika ce babanki kika gani, wanda ya rasu tun kina amarya, ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Kika ce in ajiye miki wannan da kyau. Abu ɗaya ne kika ƙi a cikin manhajar, wato wanda yake haska fata yana goge tamoji. Sau ɗaya na gwada miki, kika ture wayar kika ce, "Ina billena? Mayar mini da kayana, wannan ba ni ba ce."

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na yi wannan rubutu. Ranar da kika rasu Baffa ya nemi hotonki don sanarwa. Na duba wayar kaf, guda ɗaya kawai na samu wanda ba a ɗora masa komai ba, na tura masa. Kafin ya taso daga Kano ya sa an gyara shi. Aka haska fatarki, aka goge billen kumatunki, aka cike giɓinki, aka mai da haƙoranki farare kamar ba ki taɓa cin goro ba. A ƙasa aka rubuta sunanki na yanka, Ummu Hani, wanda ko ni ban san shi ba sai ranar.

Sanarwar ta isa ƙauyen Jajaye. Aka nuna wa Gwaggo Saude, ƙawarki tun kuna 'yan mata, wadda kuka yi shekaru kuna cin kasuwa tare. Ta kalli hoton ta ce Allah ya ji ƙan baiwar Allah, ta ci gaba da sussukarta. Ba ta gane ki ba. Sai washegari wani mai babur ya gaya mata Tani mai ƙuli ce, an riga an kai ki. Ta zo ranar sadakar uku tana kuka tana cewa ko gawarki ba ta gani ba. Na rasa abin da zan yi mata, sai na zauna kusa da ita na buɗe wayar na nuna mata hotonki mai kunnen zomo, kina dariya giɓinki a waje. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta ce, "Yauwa, ga Tani! Ja'ira, har da kunnuwa." Tana kuka tana dariya, matan da ke ɗakin suka matso, kowacce tana son ta gani.

Dariyar ta kai zaure. Baffa ya aiko aka kira ni. Ya ce abin da na yi wulaƙanta mamaciya ne, mahaifiyarsa ba abin wasa ba ce, in goge hotunan duka kafin sadakar bakwai, idan ba haka ba zai karɓi wayar a wanke ta. Na tashi na koma ciki. Kwana huɗu ina buɗe wayar ina rufewa.

Ranar bakwai ya sake kirana, ga babana ga sauran iyaye maza a zaune. Na durƙusa na gaishe su. Na ajiye wayar a kan tabarma na ce, "Baffa, wayar kai ka saya, ga ta. Amma hannuna ba zai goge ba. Inna ce ta ce in ajiye."

Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban maza ba. Babana ya daka mini tsawa, Baffa ya ɗaga masa hannu. Ya ɗauki wayar yana wuce hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, "Haka take dariya?" Na ce e, kullum. Ya ajiye wayar a gabana ya ce kada ya kuskura ya gan su a guruf. Bai ce in goge ba, bai kuma ce ya janye maganarsa ba.

Inna, na yi tunani a kan tambayarsa. Shi ɗan fari ne, kin yi masa kunya duk rayuwarki. Ba kya faɗin sunansa, ba kya wasa da shi, idan ya kira a waya gaisuwa ce kawai ki miƙo mini. Fuskar da ya sani mai kamewa ce. Ni jika ce, wasa tsakanina da ke halal ɗina ne tun kafin a ƙera waya. Abin da ya sani gaskiya ne, nawa ma gaskiya ne. Wanda ba gaskiya ba shi ne farar matar nan da aka yaɗa da sunanki.

Don haka ina gaya wa dangi cikin ladabi. Ba zan sa hotunan a guruf ba, na ji maganar Baffa. Ba zan goge su ba kuma, ko an sake kirana zaure, ko an yi mini duka. Duk wata ƙawar Inna da ta zo ta ce tana son ganin Tani, zan nuna mata. Masu cewa yarinya ce ba ta san mutuwa ba, ni na riƙe mata kofi tana shan ruwanta na ƙarshe. Idan akwai hoton da ya kamata a goge, to wancan gyararren ne. Ina roƙon duk wanda yake da shi a wayarsa ya cire.

Allah ya ji ƙanki, Inna. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi. Allah ya sa abin da kika ciyar da yaran mutane ya tsaya miki ranar hisabi, ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga babana, da gwaggonnina, da Gwaggo Saude, da jikoki, da duk mutanen Ruwan Bago. Ina miƙa ta musamman ga Baffa Abdulmumini. Baffa, ka yafe mini tsayuwar da na yi a gabanka. Duk ranar da ka zo gida kana son ganin mahaifiyarka tana dariya, ka aiko a kira ni, zan kawo maka. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Jikarki,
Sadiƙa