Ƙasa a Tuwon Alhaji

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Sabo ya tauna ƙasa a tuwona ba. Ranar Talata ce, kwana tara bayan ƙaramar salla. Ku da kuka shigo aikin girki a gidajen mutane, ku matso ku ji, domin abin da ya same ni yana nan yana jiran kowace mai riƙe muciya.

Ni Iya Kande, shekara ashirin da biyu na yi ina uwar tukunya a wannan gida na unguwar Jakara. Gida ne na kaka da kakanni, ginin ƙasa, bango mai kauri, rufin azara. Aikin madafa kuwa hawa-hawa ne. Uwar tukunya ita ce babba: ita ke auna hatsi, ita ke kaɗa miya, ita ke tuƙa tuwo, kuma in abinci ya ɓaci sunanta ake kira. Ƙarƙashinta akwai mai surfe da tankaɗe, wadda ke fitar da dusa da tsakuwa daga dawa, ta wanke, ta shanya, ta kai inji, ta tankaɗe gari. A lokacin Talatu ce ke riƙe da wannan, wata bazawara mai 'ya'ya huɗu da ke tahowa a ƙafa kullum daga Ƙofar Dawanau. Sai mai wanke-wanke a ƙarshe. Ƙa'idar aikinmu kuma sananniya ce. Gishiri ya yi yawa, a yi haƙuri. Tuwo ya yi gudaji, a yi haƙuri. Amma ƙasa a abinci ba a yafe ta, domin sunanta ƙazanta, kuma duk wadda aka kora da wannan suna ba ta sake samun tukunya a cikin birni.

Shi Alhaji, shadda ya sayar a kasuwar Kurmi har furfura ta cika masa gemu. Da ya miƙa wa 'ya'yansa rumfa, sai muka ce to, yanzu dattijo zai zauna a zaure da carbi. Ashe ba haka Allah ya rubuta ba. Sai ya tsiri tara jita. Ba kowace jita ba, wata ce da suke kira bes, mai dogon wuya kamar na raƙumi, mai tsirkiya huɗu masu kauri kamar igiyar guga, wadda ba ta buɗe baki sai an jona mata wuta. Yau a kawo ja daga Legas, gobe a kawo baƙa daga ƙasar waje, har suka kai goma sha uku, rataye a bangon ɗakinsa reras. Akwai mai tsirkiya biyar, akwai mai shida. Akwai wata tsohuwa duk ta kankare, wadda ni ko a bola na gan ta ba zan sunkuya ba, amma ita ce 'yar lele. Ni kaɗai ke shiga in share ɗakin saboda tsufana, kuma an gargaɗe ni: tsintsiya a ƙasa, ido a ƙasa, hannu kada ya kai bango. Shi da kansa yake goge su da wani ƙyalle mai laushi wanda ko jikokinsa ba a share musu majina da irinsa.

Kiɗan kuwa fa? Allah ya ba mu haƙuri. Shekara bakwai, kiɗa ɗaya. Dum, dum, du-dum. Ya ajiye ja, ya ɗauko baƙa: dum, dum, du-dum. Ya ce mana kowace da muryarta. Mu dai a cikin gida murya ɗaya muke ji, irin ta bijimi mai ciwon ciki. Tun hantsi yake farawa har kiran azahar, daidai lokacin da tukunyata ke kan wuta. Mun saba, har mun daina ji.

To, ana nan, ana nan, cikin azumi aka kawo masa wata sabuwar sifika, girmanta ya kai firjin Hajiya matarsa. Ƙarti huɗu ne suka shigo da ita. Bai taɓa ta ba sai da aka gama hidimar salla, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ranar Talatar da nake gaya muku, na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da man shanu, aka kai masa. Ba a jima ba Hajiya ta aiko in zo.

Na tarar da shi ya riƙe muƙamuƙi. Yana da haƙorin Makka a gefe, a kansa ƙasar ta faɗa.

"Iya, yashi kike dafa mini yanzu?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, shekara ashirin da biyu ban taɓa ba."

"To yau kin taɓa. A bincika."

Binciken gidan masu kuɗi kun san yadda yake: daga sama ake jefo laifi, ya yi ta gangarowa har ya sami wanda ba shi da mai tare masa. Laraba aka sake samun ƙasa. Alhamis Hajiya ta kira Talatu ta ce ta huta tukuna. Talatu ta rantse da Allah ta ce sau biyu take tankaɗe garin, ta ɗauki mayafinta tana share hawaye ta fita. Ni kuma, in gaya muku gaskiya, ban buɗe baki na tare mata ba. Na ji tsoro, na yi shiru, wannan yana cikin abin da nake neman gafara a kai har yau.

Na karɓi surfe da tankaɗe da hannuna, da wannan bayan nawa mai ciwo. Na tsince dawa ƙwaya-ƙwaya. Na sayi sabuwar rariya. Juma'a tuwo ya fita tas, na ce alhamdulillahi. Asabar tas. Lahadi sai ga ƙasa ta dawo, har da baƙi-baƙi a cikin miya.

Hajiya ta ja ni gefe ta ce, "Iya Kande, ni ban ƙi ki ba. Amma Alhaji ya ce idonki ne ya fara mutuwa. Ya ce in aka ƙara ko sau ɗaya a makon nan, a nemo mai ƙuruciya."

Na ce, "Hajiya, idona yana zura zare a allura."

Ta ce, "To ki zura shi a tukunya."

Ban yi boko ba, ban iya rubutu ba, amma Allah bai hana ni lissafin kwanaki ba. Na zauna na tambayi kaina: me ya raba Juma'a da Asabar da sauran ranaku? Dawa ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya. Sai na tuna kwana biyun nan ba a kawo wuta ba, janareta kuma yana wajen gyara. Kwana biyu gidan ya yi tsit, ba dum ba du-dum.

Litinin da hantsi aka kawo wuta. Na ɗora ruwa, na zauna na zuba ido. Alhaji ya fara. Sai na ga ruwan randa yana rawa, yana yin zobe-zobe shi kaɗai. Na dafa bango, na ji yana kaɗawa a tafin hannuna kamar ƙirjin mai zazzaɓi. Na ɗaga kai. Ta ɗan hasken da ke shigowa ta taga, sai ga ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara, siririya, tare da baƙin hayaƙin shekara da shekaru. Dum, ta zubo. Du-dum, ta ƙara. Ashe ƙartin nan sun jingina sabuwar sifikar da bangon da bayansa madafata take. Tuwo kuwa ba a tuƙa shi a rufe, miyar kuka ba a kaɗa ta a rufe.

Daga ran nan a tsakar gida na dinga girki, a rana, na ce hayaƙi ne ya dame ni. Amma damina ta kusa, kuma gano gaskiya daban, kai ta gaban mai gida daban. In je in ce, Alhaji, kai ne ke zuba ƙasa a tuwonka? Mutumin da ya fi son jitocin nan da haƙoransa? Kafin in rufe baki an ɗaure mini kayana. Na gaya wa Hajiya, ta riƙe baki ta ce, "Ni ba ruwana. Ranar da na ce kiɗan yana sa mini ciwon kai, kwana uku bai yi mini magana ba."

Sai na jira Asabar. Kowace Asabar abokansa biyu na zuwa da hantsi, su ma masu wannan lalurar. Ɗaya likita ne da ya yi ritaya, Likita kawai muke ce masa, yana da jita tara a gidansa. Ɗayan Malam Habu, mai gyaran rediyo, shi ba shi da ko ɗaya, amma shi kaɗai ne in ya taɓa tsirkiya za ka ji kamar kiɗa. Saboda haka ba su cika ba shi ba. Aikinsu su zauna su yi ta gardama a kan wace itaciya aka sassaƙa wace jita da ita.

Kafin su zo na share madafa, na kwashe tukwane, na shimfiɗa farin zanena na zuwa masallacin Idi a ƙasa. Sannan na ɗauki fura na kai musu. Allah ya taimake ni, na tarar Likita yana cika baki.

"Tawa sifikar, in na murɗa ta, gilashin taga har kuka yake."

Alhaji ya ɓata fuska, domin tagoginsa na katako ne, ba su da abin kuka.

Na ajiye kwano, na durƙusa, na ce, "Likita, a gafarce ni, tsohuwa ce ta sa baki a maganar manya. Gilashi ai ko babbar mota ta wuce yana kuka. Ta Alhaji ginin kakanninsa take girgizawa. Bango kamu biyu, amma in ya taɓa tsirkiya, rufin azara ƙasa yake zubarwa. Ban yi zaton akwai irinta a Kano ba."

Alhaji ya gyara zama. "Iya, da gaske?"

"Ranka ya daɗe, da idona na gani. Wannan idon da ake cewa ya mutu."

Likita ya ce, "Haba, tatsuniya ce."

Alhaji ya miƙe tsaye. "Tatsuniya? A gaya wa mata su shiga ɗaki, baƙi za su shigo!"

Gidan da namiji baƙo bai taɓa wuce zaure na biyu ba, ran nan saboda jita aka kai maza biyu har madafa. Alhaji ya koma ɗaki ya rataya 'yar lelen nan tasa, ya murɗa sifika har ƙarshe. Dum, dum, du-dum. Ƙasa ta dinga sauka a kan farin zane kamar ana barbaɗa yaji. Likita ya saki baki yana kallo. Alhaji ya kasa haƙuri, ya ƙwala kira ya ce Malam Habu ya zo ya karɓe shi, ya taho da gudu-gudu, babbar riga a kafaɗa, don ya gani da idonsa. Ya tsaya a kan zanena yana kallon sama, ƙasa na zuba a hularsa, yana dariya kamar an yi masa albishir da jika.

"Likita, ka gani? Ka gani? Je ka kawo gilashinka!"

Da Malam Habu ya ajiye jita ya dawo, ya dubi zanen, ya dubi murhu, ya dubi rufi. Ya ɗebi ƙasar ya murza a yatsa. Ya ce, "Alhaji, ashe nan ake yi maka tuwo? To ai ga yashin da ka ce ya kusa cire maka haƙorin Makka."

Ni dai idona na ƙasa. Ina jin Hajiya a bayan labule tana tari irin na mai danne dariya.

Alhaji ya karkaɗe hularsa a hankali, ya mayar. Ya ce, "Ai dama na yi zargin haka."

Shi ke nan. Wannan shi ne ban-haƙurin da na samu bayan shekara ashirin da biyu. Washegari aka kawo kafinta ya buga silin a madafa. Sifika kuwa ko taku ɗaya ba a matsar da ita ba. Da na kai masa abinci ranar Litinin, ya ci ya sha ruwa, sai ya dube ni ya ce, "Iya, ina Talatu ta shiga ne kwana biyu? Ba na son mai aiki mai fashi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan je in yi mata faɗa."

Da ƙafata na taka har Ƙofar Dawanau. Na same ta tana surfen wani gida a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ban yi mata faɗa ba, ni na roƙe ta gafara, domin ni ce na san hannunta kuma na yi shiru. Ta ce, "Iya, shi Alhajin ya ce a ba ni haƙuri?" Na ce, "Ya ce kin yi fashi." Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, sannan ta ɗauki mayafinta muka taho.

Ƙasar da ta zuba a zanena kuwa, Alhaji ya sa aka juye masa ita a kwalba. Tana nan a ɗakinsa, a ƙarƙashin jitocin, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. Zanen ne dai bai sake fari ba, kuma ba wanda ya tambaya.

To, 'yan nan, abin da na koya ke nan. In abinci ya ɓaci, kada ku tsaya duba tukunya kaɗai, ku ɗaga kai ku dubi abin da ke sama da ku, domin sau da yawa daga can ƙasar ke zubowa. In an ɗora wa ta ƙasa da ku laifin da kun san ba nata ba ne, ku yi magana tun ranar, kada ku jira sai wutar ta iso zanenku kamar yadda na yi. Mai gida kuma, in za ku kai masa gaskiya, ku duba irin kwanon da yake son ci a ciki. Ni na kai wa Alhaji laifinsa a kwanon yabo, ya cinye tas, har ya sa a kwalba.